Daga Gora da Zane zuwa Air Beetle: Tarihin Ƙananan Jiragen Sama da Rabon Kaduna a Cikinsa

Jirgin sama marar nauyi, wanda masana harkar suke ware masa aji na musamman, shi ne ƙaramin jirgin da ke ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, wanda aka rage masa duk abin da za a iya ragewa har ya zamana ƙaramin inji ya ishe shi tashi, ɗan gajeren fili kuma ya ishe shi sauka. Mazauna Unguwar Kanawa da Kawo da sauran unguwannin arewacin Kaduna, waɗanda ke maƙwabtaka da tsohuwar harabar Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da kuma sansanin sojan sama da ke tsohon filin jirgi, sun daɗe da sabawa da ƙarar ƙananan jiragen koyon tuƙi suna kewaya samaniyarsu, amma ba kowa ne ya san cewa ɗaya daga cikin jiragen da suka yi shekaru suna wannan kewaye a nan Kaduna aka harhaɗa shi ba, kuma asalinsa yana komawa ga wata doguwar al'ada ta mutanen da suka ƙi yarda cewa tashi sama sai gwamnati ko babban kamfani.

Matsalar da duk mai ƙera jirgi ke fuskanta ita ce nauyi. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda yadda yake karkatar da iskar da ke ratsa shi zuwa ƙasa, kuma ƙarfin wannan ɗagawa yana ƙaruwa da faɗin fiffiken da gudun jirgin. Saboda haka jirgi mai nauyi dole ne ya yi gudu sosai kafin ya bar ƙasa, gudun yana bukatar babban inji, babban inji yana bukatar mai da yawa da ƙaƙƙarfan jiki, waɗannan kuma su ƙara masa wani nauyin. Mai son jirgi mai arha yana bin hanyar ne ta baya, ya rage nauyi domin ya rage inji, ya rage inji domin ya ƙara rage nauyi. Bajamushe Otto Lilienthal ya yi shawagi fiye da sau dubu biyu tsakanin 1891 da 1896 a kan fikafikan itace da zane marasa inji, yana rataye a tsakaninsu yana sarrafa su da karkata jikinsa, har ya rasu a watan Agusta na 1896 bayan ɗayansu ya faɗo da shi. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun tashi da inji mai ƙarfin doki 12 a ranar 17 ga Disamba 1903, sai dai jirginsu ya haura kilo 270, kuma sun tsare haƙƙin ƙirarsu da shari'a mai tsanani.

Wanda ya fi cancanta a kira shi kakan wannan aji shi ne Alberto Santos-Dumont, ɗan ƙasar Brazil mazaunin Faris, wanda tsakanin 1907 da 1909 ya ƙera jerin ƙananan jirage da aka yi wa laƙabi da Demoiselle. Ƙashin jirgin na gora ne, an lulluɓe fikafikansa da siliki, injin yana bisa gaban fiffike, matuƙin kuwa yana zaune a ƙasansa tsakanin tayoyi, dab da ƙasa, kuma duka nauyinsa bai wuce kilo 110 da 'yan kai ba. Hanyar karkata shi dama ko hagu abin lura ce, domin akwai wata sanda a bayan matuƙin da ake zurawa cikin aljihun da aka ɗinka a bayan rigarsa, ta yadda idan ya jingina gefe guda sandar za ta ja wayoyin da ke murɗa bakin fiffike. A watan Satumba na 1909 ya tashi da shi daga Saint-Cyr zuwa Buc, tafiyar kusan kilomita 8, cikin kimanin minti biyar. Abin da ya fi ƙirar muhimmanci shi ne abin da ya yi da ita: bai nemi haƙƙin mallaka ba, ya bar zanenta ga duk mai so, har mujallar Popular Mechanics ta Amurka ta buga shi a 1910. Amma jirgin yana da aibin da ya bi zuriyarsa, domin an auna shi ne a kan jikin mai shi, wanda ɗan ƙaramin mutum ne da nauyinsa bai wuce kilo 50 da ɗoriya ba, kuma masu jiki da suka gwada shi sun sha wuya kafin ya ɗaga su.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karkatar da hankalin maƙera zuwa manyan injuna, sai bayan an gama shi aka dawo kan tambayar ko ƙaramin ma'aikaci zai iya mallakar jirgi. A 1923 aka yi gasa a Lympne da ke Ingila, inda aka taƙaita girman inji ga abin da bai wuce na babur ba, kuma jirgin English Electric Wren, mai injin babur na cc 398, ya yi tafiyar mil 87.5, wato kusan kilomita 140, da galan ɗaya na fetur, sakamakon da ya raba da wani jirgi mai suna ANEC I. Wannan tsimi ya burge jama'a, amma jiragen gasar ba su da ƙarfin da za su jure iska ko su ɗauki malami da ɗalibi, kuma kamfanin de Havilland, wanda shi ma ya shiga gasar, ya fahimci haka ya fito da jirgin Moth mai ƙarfin doki 60 a 1925, wanda shi ne ya cika kulob-kulob na masu koyon tuƙi. A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Nuwamba, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Jirgin sama ya shigo ƙasar Hausa ne a matsayin kayan mulki da na soja, kuma wannan mafari ya yi tasiri ga yadda ake kallonsa har yau.

Babin da ya fi kowanne darasi shi ne na Bafaranshe Henri Mignet, mutumin da ya kasa gwanancewa a tuƙin jiragen zamaninsa, sai ya yanke cewa laifin na jiragen ne, ya ƙudurta ƙera wanda kowa zai iya tuƙawa. Jirginsa HM.14, wanda ya kira Pou-du-Ciel, ya fara tashi a watan Satumba na 1933 da injin babur mai ƙarfin doki 17. Yana da fikafikai biyu, ɗaya a gaba a sama, ɗaya a baya a ƙasa kaɗan, kuma ba shi da fedar ƙafa ko ƙananan faifan bakin fiffike da sauran jirage ke karkata da su. Sanda guda ce ke yin komai, idan aka ja ta baya sai fiffiken gaba gaba ɗayansa ya ɗaga baki jirgin ya hau, idan aka kai ta gefe sai faifan wutsiya ya juya shi. A ƙarshen 1934 ya wallafa littafi mai ɗauke da cikakken zane da bayanin yadda za a yanka katako, a manna shi, a ja zane a kansa, da kayan da kafinta ke da su, kuma cikin shekara guda ɗaruruwan mutane a Faransa da Ingila da wasu ƙasashe suka duƙufa ƙera nasu a gareji da bayan gida.

Daga 1935 sai aka fara samun haɗurra masu kama da juna, na farko da ya ci rai a Aljeriya, sauran a Faransa da Ingila: jirgin zai sunkuyar da kai kaɗan, matuƙin ya ja sanda domin ya ɗago shi, amma maimakon ya ɗago sai ya ƙara nutsawa har ya kife. A 1936 aka sa cikakken jirgin a zauren gwajin iska, wato ginin da ake hura iska mai ƙarfi a kan jirgi yana tsaye ana auna abin da take yi masa, a Chalais-Meudon ta Faransa da Farnborough ta Ingila, kuma a nan aka gano dalilin. Idan aka ja sanda, gefen baya na fiffiken gaba yana sauka ya matso kusa da fiffiken baya, iskar da ke bi ta tsakaninsu ta ƙara gudu, fiffiken baya ya sami ɗagawa fiye da na gaba, wutsiya ta tashi, kai ya ƙara yin ƙasa. Matsalar ta fi tsanani a jiragen da masu su suka sa wa injin da ya fi na Mignet ƙarfi, ko suka bar cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin jirgi ke daidaita, ta koma baya. Hukumomi suka hana shi tashi, Mignet ya gyara ƙirar ta hanyar sauya siffar fikafikan da tazararsu, kuma jiragen da suka biyo baya a wannan tsari sun yi aiki lafiya, amma sunan bai sake farfaɗowa kamar da ba. Abin takaicin shi ne gwajin da ya bayyana aibin bai fi ƙarfin ilimin lokacin ba, an dai yi shi ne bayan an binne mutane, alhali da an yi shi kafin a buga littafin da yawancinsu sun tsira.

Farfaɗowar ajin ta zo ne ta wata hanya da ba a zata ba. Francis Rogallo, injiniya a hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, shi da matarsa Gertrude, sun nemi haƙƙin ƙirar wani fiffike mai laushi a 1948, wanda iska ce ke cika shi ta ba shi siffa, kuma hukumar NASA ta gwada shi a farkon shekarun 1960 a matsayin hanyar sauko da kumbon sama jannati kafin ta koma ga lema. Hotunan gwajin sun yaɗu, kuma a 1963 John Dickenson na Ostireliya ya haɗa irin wannan fiffike da wani firam mai kusurwa uku da matuƙi ke riƙewa yana rataye, yana tura shi ko ja domin sarrafawa. Bututun alminiyam da zanen roba na jiragen ruwa masu filafilai sun yi arha a lokacin, saboda haka shawagi daga kan tudu ya zama wasan matasa a Kalifoniya da Turai. Wanda ba shi da tudu a garinsu kuwa dole ya nemi wata dabara, kuma John Moody na jihar Wisconsin ya same ta a ranar 15 ga Maris 1975, lokacin da ya ɗaura injin ƙaramar motar tsere mai ƙarfin doki 12.5 a kan fiffiken rataye ƙirar Icarus II, ya ruga da ƙafa a kan wani tafki da ya daskare, ya tashi daga shimfiɗaɗɗen wuri.

Cikin shekara biyar ƙira iri-iri suka fito: Easy Riser, da Weedhopper na John Chotia, da Quicksilver wanda ya fara a matsayin fiffiken rataye aka ƙara masa kujera da tayoyi, da Lazair na Dale Kramer a Kanada, wanda aka fara tayar da shi da injunan zarton yankan itace guda biyu. Kusan dukkansu sun dogara ga inji mai bugu biyu, irin na ƙaramin janareton da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, domin yana ba da ƙarfi mai yawa a ƙaramin nauyi, ko da yake yana da saurin mutuwa ba tare da gargaɗi ba, abin da ya sa ake koya wa matuƙan wannan aji su riƙa tafiya idonsu na kan filin da za su iya sauka. Hukumar jiragen saman Amurka ta fara ƙyale su muddin ana iya tayar da su da ƙafa, sharaɗin da ya zama na fatar baki yayin da jiragen suka ƙara nauyi, sai a 1982 ta fitar da dokar da aka sani da Sashe na 103. Dokar ta ce jirgin ya kasance mai kujera ɗaya, nauyinsa ba tare da mutum ko mai ba ya gaza kilo 115, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kada ya wuce kimanin kilomita 102 a awa, kuma ya iya tafiya a hankali har zuwa kilomita 45 a awa ba tare da fiffike ya daina ɗagawa ba. Wanda ya cika waɗannan ba ya bukatar rajista ko lasin tuƙi, amma ba zai tashi da dare ko ya ratsa saman cunkoson jama'a ba. Ƙasashen Turai sun bi wata hanya, suka yarda da kujera biyu da nauyin da ya kai kilo 450 tare da wajabta horo. Kamfanin Rotax na Ostiriya ne ya kawo wa ajin natsuwa, musamman da injinsa mai bugu huɗu ƙirar 912 da ya fito a 1989.

A gefen wannan aji akwai ɗan'uwansa na jini, wato jiragen haɗa-da-kanka, waɗanda kamfani ke yanka sassansu ya aiko su cikin akwatuna tare da zane, mai saye ya harhaɗa su. Richard VanGrunsven na jihar Oregon ya kafa kamfanin Van's Aircraft a farkon shekarun 1970, kuma ƙirarsa RV-6, mai kujeru biyu gefe da gefe da jikin alminiyam da aka ɗinke da dubban ƙusoshin ribit, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi haɗawa a duniya. Nau'inta mai taya a gaba, RV-6A, shi ne ya zo Kaduna.

Dangantakar Kaduna da ƙananan jirage ta girmi wannan. An kafa Rundunar Sojan Saman Nijeriya da doka a watan Afrilu na 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma Kaduna ce ta zama cibiyar horon farko, da jirage irin su Piaggio P.149D da Dornier Do 27. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen farar hula a Zariya. Daga baya rundunar ta koma koyarwa da jirgin Bulldog na Birtaniya, kuma lokacin da waɗannan suka fara tsufa a shekarun 1980, ga kuɗin waje ya yi wuya bayan faɗuwar farashin man fetur, sai aka nemi jirgin da za a iya haɗawa a gida. Kamfanin AIEP da ke tsohon filin jirgin Kaduna, mai alaƙa da Dornier na Jamus, wanda daga baya aka fi sani da DANA (ba shi ne kamfanin jigilar fasinja mai irin wannan suna ba), shi ya ɗauki RV-6A ya yi masa gyare-gyaren da suka dace da horon soja, aka sa masa suna Air Beetle. An nuna shi a 1989, shekarar da rundunar ta cika 25 da kafuwa, aka kuma yi odar guda 60. Injinsa Lycoming ne mai ƙarfin doki 180, kuma an tsara shi ya iya shan fetur ɗin mota baya ga man jirgi na musamman, wanda ba a tace shi a Nijeriya a lokacin.

Air Beetle bai shiga ajin kilo 115 ba, domin nauyinsa ya ninka haka kusan sau huɗu, amma tunanin da ya haife shi na Santos-Dumont ne da Mignet: ƙira mai sauƙi, zane a buɗe, da aikin da ƙwararren hannu zai iya yi ba tare da katafariyar masana'anta ba. An sha sukarsa da cewa haɗi ne kawai, ba ƙira ba, kuma gaskiya ne cewa injin da na'urorin da yawancin sassan daga waje suka zo. Sai dai wannan suka ta raina abin da haɗin ke koyarwa, domin wanda ya jera haƙarƙarin fiffike a kan ma'auni, ya huda ramuka dubbai ba tare da ɗaya ya kauce ba, ya auna jirgi a kan sikeli uku ya lissafa cibiyar nauyinsa, sannan ya rubuta kowane mataki a takarda domin mai duba aiki, ya sami tarbiyyar da ita ce ginshiƙin wannan sana'a. Rashin da aka yi shi ne ba a ɗora a kai ba. Ba a bi jiragen 60 da wani sabon zubi ba, ba a kuma samar da kasuwar farar hula da za ta riƙe ma'aikatan ba, kuma da lokacin sauya su ya yi, sai aka sayo Super Mushshak daga Pakistan da Diamond DA40 na Ostiriya domin makarantar koyon tuƙi ta Kaduna.

Sha'awar kuwa ba ta mutu ba. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ba da labarin wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, kuma kusan kowace shekara ana ganin wani matashi a Arewa da ya ƙera wani abu mai fikafikai. Irin waɗannan matasa sun cancanci fiye da tafi da hoto. Abin da tarihin HM.14 ke nunawa shi ne suna bukatar wanda zai auna aikinsu kafin su hau shi, da tabbataccen zane da za su fara koyo a kansa, da hanyar rajista a Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama wadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya bi. Sojan sama a Kaduna sun karkata ga jirage marasa matuƙi, inda aka ƙaddamar da Gulma a watan Disamba na 2013 da Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018, kuma ilimin da ke cikinsu, na fiffike mai sauƙi da ƙaramin inji, shi ne dai na jirgi marar nauyi. A Nijar da Mali da Burkina Faso sojojin sama sun yi amfani da ƙaramin jirgin Faransa mai suna Tétras, mai kujeru biyu da injin Rotax, wajen sintiri da horo, abin da ke nuna cewa ajin yana da aikin yi a wannan yanki.

Duk ƙirar da za ta yi aiki a nan dole ta yi la'akari da yanayin wurin, wanda ya bambanta da na Wisconsin ko Faris. Kaduna tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 600 daga doron teku, kuma a zafin Maris da Afrilu iska tana yin shakaf, fiffike da farfela da inji duk su rage ƙarfi, jirgin ya bukaci fili mai tsawo kafin ya tashi. Ƙurar hunturu tana rufe gani tana kuma cinye inji idan matatar iska ba ta da kyau, guguwar farkon damina tana iya kifar da jirgi marar nauyi ko yana ɗaure a ƙasa, zafin rana kuma yana ruɓar da zanen fiffike cikin 'yan shekaru idan ba a ajiye shi a inuwa ba, shi ya sa jikin alminiyam irin na Air Beetle ya fi dacewa da Arewa fiye da bututu da zanen da aka fara da su a shekarun 1970.